Amsar Wasiƙunku: Ina Rubutu Yake Tafiya In An Rufe Taga A Emacs?

 A wannan mako wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin kuwa tambayar da ke cikinta ta haifi 'ya'ya har uku, kuma amsarsu ba ta yiwuwa a tsaitsaye.

TAMBAYA

Wasiƙar ta fito ne daga hannun wani ɗalibi mai sauraronmu a Zariya, wanda yake rubuta kundinsa na kammala digiri da wata manhajar rubutu da ake kira Emacs. Malamin ya ce wata rana da dare ya raba fuskar kwamfutarsa gida uku: babin da yake rubutawa a hagu, jerin littattafan da ya duba a dama daga sama, 'yan bayanansa kuma a dama daga ƙasa. Yana cikin aiki sai hannunsa ya kuskure, tagogi biyu suka ɓace, ciki har da wadda ya shafe awa biyu yana rubutu a cikinta bai adana ba. Hankalinsa ya tashi, ya kashe na'urar ya sake kunnawa ko za su dawo, ba su dawo ba, ya kwana yana sake rubuta abin da ya riga ya rubuta.

Shi ne yake tambaya: shin in an rufe taga, ina rubutun da ke cikinta yake tafiya? Na biyu, me ya sa in ya rufe taga, wata maƙwabciya ce ke cinye filinta, wata kuwa ko taku ɗaya ba ta samu? Na uku, yaya aka yi yakan buɗe babi ɗaya a tagogi biyu, abin da ya rubuta a nan ya fito a can, amma kowace taga tana tsaye a shafi dabam?

AMSA

To Malam, da farko muna yi maka jaje a kan wannan dare da ka yi asara. Amma bari mu faɗa maka gaskiya tun daga farko, ko da za ta yi ɗaci: a lokacin da tagogin nan biyu suka ɓace, ko harafi ɗaya na rubutunka bai salwanta ba. Yana nan daram cikin ƙwaƙwalwar na'urar. Kashe na'urar da ka yi, shi ne ya tafi da shi. Domin ka gane dalili, sai mun leƙa cikin cikin manhajar mun ga yadda ita kanta take riƙe da abin da kai kake kira taga. In ka gane wannan, amsoshin tambayoyin uku za su zo da kansu.

Ita dai Emacs tsohuwar manhaja ce. An fara ta a shekarar 1976 a ɗakin binciken cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, inda Richard Stallman da Guy Steele da David Moon suka harhaɗa gajerun umarnai a kan wata manhajar rubutu mai suna TECO. Wadda akasarin mutane ke amfani da ita, wato GNU Emacs, Stallman ne ya fara rubuta ta a 1984, aka fitar da ita a 1985. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne, tana ɗauke da harshen ba da umarni a cikinta, wanda ake kira Emacs Lisp. Ƙashin bayanta an gina shi da harshen C, amma mafi yawan umarnan da kake dannawa an rubuta su ne da Lisp, kuma kai ma kana iya rubuta naka. Saboda haka dole kowane abu da ke cikinta, har da taga, ya zama abu ne tsayayye da za a iya kiran sa, a tambaye shi girmansa, a matsar da shi.

Abubuwa uku da bai kamata a gauraya su ba

Abu na farko shi ne abin da masu Emacs ke kira bafa. Mu a nan za mu kira shi rumbu, domin a nan ne rubutu yake zaune. In ka buɗe fayil, manhajar takan kwafo abin da ke cikinsa daga faifai ta zuba a rumbu cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Duk gyaran da kake yi, a rumbu kake yin sa. Fayil ɗin da ke kan faifai ba ya canjawa sai ran da ka adana.

Abu na biyu shi ne taga. Taga kafa ce da kake leƙa rumbu ta cikinta. Ba ta ɗauke da rubutu, nuna shi kawai take yi. Rumbu ɗaya yana iya samun taga ɗaya, ko biyu, ko biyar, yana kuma iya zama ba shi da ko ɗaya, hatsinsa kuwa yana nan yadda yake.

Abu na uku shi ne firam, wato bangon da aka huda tagogin a jikinsa. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin abin da mai amfani da Windows ko Macintosh yake kira taga, mai kan rubutu a sama da maɓallin rufewa a kusurwa, shi ne Emacs ke kira firam. Tagar Emacs kuwa yanki ce a cikin wannan firam. Dalilin wannan saɓani tarihi ne. Emacs ta riga waɗannan na'urori zuwa hannun jama'a: Macintosh ta fito a 1984, Windows kuwa a 1985. A zamanin da aka raɗa wa tagar Emacs suna, fuskar na'ura haruffa kawai take nunawa, sau da yawa layi 24, kowane layi haruffa 80, kuma abin da ake nufi da taga shi ne a raba wannan fuska ɗaya gida biyu. Sai a fitowa ta 19, a shekarar 1993, GNU Emacs ta sami ikon buɗe firam fiye da ɗaya, lokacin kuwa sunan taga ya riga ya bi jikin yankunan ciki.

To ga amsar tambayarka ta farko ke nan. Abin da hannunka ya danna, bisa ga bayaninka, shi ne C-x 1, wato a danna Ctrl tare da x, a saki, sannan a danna 1. Ma'anarsa: bar tagar da nake ciki, toshe sauran. Kafofin leƙe aka toshe, rumbunan ba wanda ya taɓa su. Da ka danna C-x C-b, da manhajar ta jero maka dukan rumbunan da ke buɗe, naka yana ciki, da alamar tauraro a gefensa mai nuna ba a adana shi ba tukuna.

Me ke cikin taga?

Mai karatu zai ce, to in babu rubutu a cikin taga, me ke cikinta? Ka ɗauke ta kamar katin asibiti. Katin ba shi ne majinyacin ba, amma yana ɗauke da sunansa da lambarsa da ɗakin da aka kwantar da shi. Haka kowace taga take da katinta a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma an zana gurabun katin a wani fayil na harshen C mai suna window.h. Ga muhimman gurabun.

Akwai gurbin da ke faɗin firam ɗin da tagar take ciki. Akwai gurbin da ke nuna rumbun da take leƙawa. Akwai gurabu huɗu na wuri da girma: nisanta daga hagu, nisanta daga sama, faɗinta da tsayinta. A da ana lissafin waɗannan da layuka da haruffa ne kawai, amma daga fitowa ta 24.4, a shekarar 2014, ana kuma riƙe su da ƙananan ɗigogin hasken da suka haɗu suka yi hoto a fuskar na'ura. Akwai alamomi biyu masu nuna wuri a cikin rubutu, waɗanda za mu komo kansu. Akwai gurbin da ke riƙe da jerin rumbunan da tagar ta taɓa nunawa a baya, da wanda ke tuna yaushe rabon da a shiga cikinta. Sannan akwai gurabu uku na dangi: wace ce uwarta, wace ce 'yar'uwar da ke gabanta, wace ce kuma wadda ke bayanta. Waɗannan gurabu uku su ne mabuɗin tambayarka ta biyu.

Tagogi dangi ne

Emacs ba ta riƙe tagogi a jere kamar sunaye a rajistar aji. Tana riƙe da su ne kamar salsalar gida: kaka, da 'ya'ya, da jikoki. Masana kwamfuta na kiran irin wannan tsari bishiya, mai saiwa da rassa da ganye.

Bari mu bi abin da kai ka yi, taki-taki. Da ka buɗe manhajar akwai babbar taga ɗaya, mu kira ta A. Ita ce saiwa. A ƙarƙashinta akwai wata 'yar siririyar taga mai layi ɗaya, inda manhajar ke karɓar umarni tana ba da saƙo. Ita wannan zaman kanta take yi a gefen saiwa, ba a raba ta, kuma C-x 1 ba ya taɓa ta.

Sai ka danna C-x 3, wato raba hagu da dama. A idonka, taga ɗaya ta zama biyu. A ciki kuwa kati biyu aka ƙara. An yi sabuwar taga B a dama. An kuma yi wata taga da ba za ka taɓa gani da ido ba, wadda ta gaji dukan filin da A take da shi a da, ta zama uwa ga A da B. Mu kira ta Uwa ta Farko. A katinta, gurbin da ya kamata ya nuna rumbu yana nuna 'yarta ta fari ne, kuma an rubuta cewa 'ya'yanta a jere suke daga hagu zuwa dama. Lura da cewa A ba ta rikiɗa ta zama uwa ba, tana nan a matsayinta na A, filinta kawai ya ragu. An yi haka ne domin duk wani umarni na Lisp da ya riƙe sunan A kada ya waiwayo ya tarar ta zama wani abu dabam.

Daga nan ka shiga B ka danna C-x 2, wato raba sama da ƙasa. To amma 'ya'yan Uwa ta Farko hagu da dama suke jeruwa, ba ta iya riƙe 'ya'ya masu hawa kan juna. Saboda haka sai aka yi Uwa ta Biyu, ta zauna a gurbin B, ita kuma B ta koma 'yarta ta sama, sabuwar taga C ta zama 'yarta ta ƙasa. Yanzu kai tagogi uku kake gani, amma katuna biyar ne, shida in ka haɗa da 'yar siririyar ta ƙasa. Waɗanda ake gani, wato ganyen bishiyar, ana ce musu tagogi masu rai, kuma kowace mai rai dole tana leƙa wani rumbu. Iyayen kuwa ana ce musu tagogin ciki, aikinsu riƙon fili da 'ya'ya kawai.

Da a ce a maimakon haka ka sake danna C-x 3 a cikin A, bisa al'ada ba za a yi sabuwar uwa ba. Sabuwar tagar za ta shiga sahun 'ya'yan Uwa ta Farko ne ta zama ta uku, tun da duk gefe ɗaya suke jeruwa.

Dokar gidan guda ce: filin 'ya'ya in an tara shi dole ya yi daidai da filin uwa, ba ragi ba ƙari, ba mai hawa kan wata. Alal misali, a tsohuwar fuska mai layi 24, in an cire layi ɗaya na 'yar siririyar taga, saura 23. In aka raba sama da ƙasa, ɗaya ta sami 12, ɗaya 11, kuma kowace a cikin rabonta ne take cire layin bayanin nan da ke gindinta mai ɗauke da sunan rumbu. Akwai kuma iyaka: bisa al'ada manhajar ba ta yarda a raba taga har tsayinta ya gaza layi 4, ko faɗinta ya gaza haruffa 10. In ka matsa, sai ta ce maka tagar ta yi ƙanƙanta.

Wa ke cin gadon taga?

Yanzu amsar tambaya ta biyu ta fito fili. In ka rufe taga da C-x 0, filinta gado ne, kuma 'yar'uwar da suke ciki ɗaya ce ke ci. Maƙwabtaka ba ta ba da gado. In ka rufe C, B ce za ta miƙe ta cinye filin, domin uwarsu ɗaya. A kuwa, ko da yake katangarta tana jingine da ta C, ba ta samun komai. Bayan haka Uwa ta Biyu ta rage da 'ya ɗaya, ba ta da sauran aiki, sai a cire katinta, B ta koma gurbinta na da.

In kuwa A ka rufe, 'yar'uwarta ita ce Uwa ta Biyu. Ita za ta ci filin, B da C kuma duk su faɗaɗa tare, ita kuma ta zama sabuwar saiwa. Inda 'yan'uwa suka fi biyu, bisa al'ada wadda ke hagu ko sama da mamaciyar ce ake fara ba, in babu ita a ba ta dama ko ta ƙasa. Wanda yake son a raba wa dukan 'yan'uwa, akwai wani saiti mai suna window-combination-resize da zai kunna. Taga ɗaya tilo kuwa ba ta rufuwa, domin firam ba ya zama babu saiwa.

Ga wani gwaji da mai karatu zai iya yi da kansa. Raba fuska gida huɗu ta hanya biyu. Hanya ta farko, fara raba hagu da dama, sannan ka raba kowane ɓangare sama da ƙasa. Hanya ta biyu, fara raba sama da ƙasa, sannan kowane ɓangare hagu da dama. A ido duk ɗaya ne, akwatuna huɗu. Amma ja katangar da ke tsaye a tsakiya ka gani. A ta farko katanga ɗaya ce doguwa daga sama har ƙasa, in ka ja ta tagogi huɗun duk sun motsa. A ta biyu katanga biyu ce gajeru, ta sama dabam ta ƙasa dabam. Haka nan in kana danna C-x o domin tsallakawa daga taga zuwa taga, a ta farko za ka gama da ɓangaren hagu, sama da ƙasa, kafin ka haura dama, a ta biyu kuwa za ka gama da sama kafin ka sauko. Manhajar tana bin gida-gida ne, sai ta gama da 'ya'yan uwa ɗaya take shiga ɗakin wata.

Wannan tsari yana da abin da ba ya iyawa. Tun da kowace katanga dole ta ratsa filin uwa daga wannan gefe zuwa wancan, ba za ka iya jera tagogi huɗu suna zagaye da ta biyar a tsakiya, kowace ta tokare gefen ta gaba da ita kamar fukafukan fanka ba. Babu yanka ɗaya miƙaƙƙe da zai fara raba irin wannan fili. Abin da aka samu a madadin haka shi ne sauƙin lissafi da tabbacin cewa ba za a taɓa barin rami a fuska ba.

Ba Emacs kaɗai ta bi wannan hanya ba. Manhajar Vim, wadda Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, ta sami raba fuska sama da ƙasa a 1994, hagu da dama kuma a 2001, kuma ita ma bishiya take amfani da ita, mai ganye da jeri na tsaye da na kwance.

Rumbu ɗaya, tagogi biyu

Sai tambaya ta uku. Abin da ka rubuta a wannan taga yana fitowa a waccan ne domin babu kwafi biyu. Rumbu ɗaya ne, katuna biyu ke nuna shi. Abin da kowace taga ta mallaka nata na kanta shi ne alamomin nan biyu da muka ambata. Ta farko tana nuna harafin da tagar za ta fara nunawa a kusurwarta ta sama. Ta biyu tana nuna bakin alƙalami, wato inda harafi zai faɗa in ka buga. Shi ya sa taga ɗaya tana iya tsayawa a gabatarwar babi, ɗayar tana can a ƙarshensa.

Hikimar tana cikin yadda aka yi alamomin. Da lamba ce kawai aka rubuta a kati, a ce wannan taga ta fara daga harafi na 5000, to da ka ƙara haruffa 200 a farkon babi ta ɗaya tagar, sai wannan ta zame ta koma nuna wani wuri. Saboda haka alamar a jikin rubutun aka maƙala ta, kuma rumbu yana riƙe da jerin dukan alamomin da ke jikinsa. Duk lokacin da aka ƙara ko aka goge wani abu, sai ya bi su ya gyara. Alamar da ke 5000 ta koma 5200, tagar kuma tana nan a kan jimlar da ka bar ta.

A kowane lokaci taga ɗaya ce zaɓaɓɓiya, wadda bugunka ke shiga cikinta. Bakin alƙalaminta shi ne na rumbun kansa. In ka tsallaka wata taga, sai manhajar ta adana wurin da ka tsaya a katin wadda ka bari, ta ɗauko na wadda ka shiga.

Har ila yau, kowace taga mai rai tana da alluna biyu a ɓoye: ɗaya na abin da ke fuskar na'ura yanzu, ɗaya na abin da ya kamata ya kasance. Bayan kowane umarni manhajar takan gwada su, ta sake zana wurin da suka saɓa kawai. Wannan dabara gadon zamanin da ne, lokacin da ake haɗa fuska da babbar kwamfuta ta layin tarho. Layi 24 sau haruffa 80 ya kama haruffa 1920. A layin da ke ɗaukar haruffa 30 a daƙiƙa, sake zana fuska gaba ɗaya zai ci fiye da minti ɗaya. Wa zai jira haka a kan kowane harafi?

In girma ya canja, in kuma taga ta mutu

Akwai wani gurbi a kati da ke riƙe da rabon taga daga filin uwarta, misali rabi ko sulusi. Amfaninsa shi ne, in ka faɗaɗa firam ko ka tsuke shi, kowace taga ta tashi da rabonta na da. Daga fitowa ta 24.1, a shekarar 2012, an mayar da akasarin wannan lissafi zuwa harshen Lisp, cikin fayil mai suna window.el. Aikin hawa biyu ne. Lisp takan yi lissafi ta rubuta sabon girman kowace taga a wani gurbi na wucin gadi. Sannan ɓangaren C ya duba ko jimlar 'ya'ya ta yi daidai da uwa. In ta yi, a zartar gaba ɗaya. In ba ta yi ba, a bar komai yadda yake. Da haka kuskuren mai rubuta umarni ba ya wargaza fuska.

Taga da aka rufe kuwa ba a yaga katinta nan take. Ana share gurbin da ke nuna rumbu ne, ta zama matacciya, katin kuma yana nan muddin akwai mai riƙe da shi. Wannan ne ya sa ake iya dawo da tsarin tagogi. In ka danna C-x r w sannan wani harafi, misali a, manhajar za ta ɗauki hoton bishiyar gaba ɗaya ta ajiye a ƙarƙashin wannan harafi, in ka danna C-x r j da a kuma ta dawo maka da ita. Akwai kuma winner-mode, wanda in ka kunna shi tun da wuri yake tuna kowane canji da kansa. Da yana kunne a daren nan, C-c da kibiyar hagu kawai za ka danna tagoginka uku su dawo. Shafukan nan da ake jerawa a saman firam, waɗanda aka ƙara a fitowa ta 27.1 a shekarar 2020, su ma kowane ɗaya tsarin tagogi ne da aka ajiye. Sai dai a kula, hoton bishiya yana tuna wace taga ke leƙa wane rumbu ne kawai. Ba ya ajiye rubutu.

Mai son ganin uwar da muka ce ba a gani, ya raba fuska biyu, ya danna Alt tare da alamar ɗigo biyu, ya rubuta window-parent tsakanin baka biyu. Manhajar za ta ba shi taga mai lamba amma babu sunan rumbu a jikinta. In ya gwada selected-window kuwa, zai ga lamba tare da sunan rumbu.

Shawara

To Malam, inda haɗarin yake shi ne tsakanin rumbu da faifai. Ka riƙa duban layin bayanin da ke gindin taga: in ka ga taurari biyu a gefen hagu, akwai gyaran da bai kai faifai ba, danna C-x C-s. In taga ta ɓace, kada ka kashe na'ura, nemi rumbunka da C-x b. Umarnin da ke zubar da rumbu shi ne C-x k, shi ma in rumbun na fayil ne kuma ba a adana shi ba, sai ya tambaye ka tukuna.

In kuma wuta ta ɗauke ko na'ura ta mutu, ka sani Emacs takan yi ajiyar gaggawa da kanta bayan kowane bugu 300, ko in ka yi daƙiƙa 30 ba ka taɓa komai ba, a wani fayil mai sunan naka da alamar # gaba da baya. Da ka sake buɗe fayil ɗinka, kafin ka buga ko harafi ɗaya, danna Alt da x ka rubuta recover-this-file. Muna jin da ka yi haka a daren nan, da mafi yawan aikinka na awa biyu ya dawo, amma tun da ka ci gaba da sabon rubutu a kansa, sabuwar ajiya ta riga ta hau kan tsohuwa. Wannan kariya kuwa, bisa al'ada, ta rumbun da ke da fayil ce kawai, saboda haka kada ka tara muhimmin rubutu a rumbun da ba ka ba shi fayil ba.

Da fatan mai sauraron namu ya gamsu, Allah kuma ya ba da sa'ar kammala kundi. Sauran masu wasiƙu a hannunmu ku ƙara haƙuri, muna tafe gare ku.